Buhun kwanan da na siyo a Kantamanto, da yadda ya dafa ni a Amedzofe

Mun dawo tun ranar Talata amma sai yau cinyoyina suka bar ni na zauna na yi rubutu. Masu ta tambayata a gurup ɗin unguwa ya hanya ya hanya, to ga labarin nan, sai dai ku yi haƙuri rabinsa duk na buhun kwana ne, wannan da ake ce ma silipin bag, don wallahi ya fi duwatsun da muka je hawa ba ni wuya.

Abokinmu Tica ne ya ja mu. Jogirafi yake koyarwa a wata sakandare can wajen Madina ta Accra, kuma shekara biyu kenan yana cika mana kunne wai sai mun hau dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000, daga garin Buea ake fara hawansa. Dogo, ɗaya abokin namu, ya ce masa kafin mu je ƙasar mutane mu sha kunya gara mu gwada ƙafarmu a gida Ghana, shi ne aka tsaida kwana huɗu a yankin Volta cikin watan Agusta, garin Amedzofe da dutsen Afadjato da ruwan Wli mai zubowa daga dutse. Tica na da tanti ɗaya mai cin mutum uku, abin kwanciya kuwa aka ce kowa tasa ta fisshe shi.

Ni dai ban taɓa kwana a cikin irin wannan buhu ba, to sai na tura wa Yayanmu da ke Jamus saƙo a WhatsApp, ya ce in nemi wanda aka rubuta tiri sizin, wato mai yanayi uku na shekara, ya ce zai min bayani in ya tashi aiki, bai kuma yi ba. Washegari da sassafe na faɗa Kantamanto, kasuwar gwanjo ta Accra, lokacin da ake yanka dila. Rabona da cikin kasuwar tun kafin gobarar watan Janairun 2025, na tarar duk rumfunan sabon katako ne, layukan da na sani sun sauya, sai da na yi ta tambaya kafin wani yaro mai tura baro ya kai ni wajen masu bargo da labule. Mai rumfar ashe ɗan zangon Kumasi ne, yana jin na amsa waya da Hausa ya saki Twi ya ce "Yaya zo nan, me kake nema?" Ya zaro min guda uku. Biyu masu faɗi ne kamar ambulan, cikinsu audugar roba, ɗaya zif ɗinsa ya mutu ɗayan kuma warin ruma kamar an tono shi daga ƙarƙashin gado. Na ukun shuɗi ne mai hula a kai, faɗi a kafaɗa ya tsuke a ƙafa, ba nauyi, yana girgiza shi sau biyu sai ga abu yana kumbura shi kaɗai kamar ƙullun fanke. Ya ce wannan gashin agwagwa ne a ciki, daga Amurka, tiri sizin. A jikin wuyan an ɗinka lamba 20 da ɗan da'irar digiri, a ƙasa kuma 650.

Sai na tsaya na yi lissafi da yatsuna, damina, hunturu, bazara, uku kenan cif, ai kuwa an gama. Digiri 20 kuma Tica ya ce haka daren Amedzofe yake. Na ce kai wannan kamar don ni aka ɗinka shi. Ya sa sidi 600, muka yi ta ja har 380, na tura masa ta momo, kuɗin waya, na fito ina jin na cuci mutum. Mutanen nan suna ce ma kayan fos, gwanjo kenan, obroni wawu, wato bature ya mutu, ni kuwa a cinikin nan ba a rasa wawa ba, kuma ba mai rumfar ba ne.

Da na kai gida unguwar Nima na shimfiɗa shi a tsakar ɗaki na shige na ja zif har haɓa na ɗaure igiyar hular, saura hanci kawai a waje, sai ga Hajiyarmu ta ɗaga labule. Salati ta saka. "Kai da ranka da lafiyarka kake gwajin likkafani?" Na ce Hajiya bargon tafiya ne. Ta ce ita dai kar a ajiye mata shi a ɗaki. Minti biyu na yi a ciki na jiƙe da zufa amma na ce ai Nima ce, ko zani ka rufa a nan sai ka yi zufa.

Ranar Asabar bayan asuba muka haɗu a tashar Madina. Motar Hohoe ba ta cika ba sai wajen bakwai da rabi, kuɗin Hohoe cikakke muka biya, sidi 110 kowa, duk da a hanya za mu sauka, aka kuma karɓi na kaya daban. Dodowa da Somanya duk a barci na wuce su. A Atimpoku hayaniyar mata masu talla ce ta tashe ni, sun yanyame tagogi da abolo da jatan lande da ƙananan kifin nan soyayye da ake ce ma wan man tawsan, Dogo ya sayi na sidi 30 muka yi karin kumallo da shi muna haye gadar Adomi, Tica na ta ba mu darasi ba wanda ya tambaye shi, wai a 1957 aka buɗe ta, shekarar 'yancin kai.

Gaba kaɗan akwai shinge, aka ce kowa ya sauko da katinsa. Muka nuna Ghana Card ba matsala. Sai ɗaya daga masu kakin ya ga ƙunshin da na ɗaure a ƙasan jakar goyona ya ce mene ne, na ce abin kwanciya, ya ce buɗe mu gani. Ina sassauta igiya abin ya yi tsalle ya fito ya baje a kan teburinsu, suka kwashe da dariya, shi kuma ya ce shikenan ɗauke kayanka. To ɗaukewar ce aiki. Na naɗe shi kamar tabarma ya ƙi shiga, na sake naɗewa ya ƙi, direba na ta danna hon, wata tsohuwa a motar tana ta faɗa da Ewe wanda ban ji ba amma na gane da ni take. Ƙarshe rungume shi na yi kamar jariri har Fume. Sai daga baya na koyi ba a naɗe shi, cusawa ake yi, ka fara da wajen ƙafa kana dannawa da dunƙulen hannu.

Daga Fume okada muka hau, hanya ta yi ta murɗawa tana hawa, Biakpa, Vane, kunnena ya toshe sau biyu. Tun kafin mu isa iska ta sauya. Ku da kuka saba da daren Nima, a ɗauke wuta fanka ta tsaya mutum ya fito da tabarma ƙofar gida yana fifita da kwali, ba za ku gane ba sai kun je, ƙarfe biyu na rana ne amma ina kan babur ina neman rigar sanyi. Tica ya ce ƙa'idar ita ce duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi, Amedzofe kuma tana wajen mita 700, shi ya sa ake cewa ba garin da ya kai ta tudu a Ghana. Mutanen Avatime ne, suna da yarensu daban da Ewe, kuma shinkafarsu ja ce, ita muka ci da rana da miyar ganye da kifi, sidi 25 kwano, ta fi ta kanti riƙe ciki nesa ba kusa ba. Wani masauki ya yarda mu kafa tanti a filin bayansa, sidi 40 kowane kai, da banɗaki da bokitin ruwa. Muka haɗa azahar da la'asar sannan muka hau dutsen Gemi, hawan ba wuya, a samansa akwai wani dogon gicciye na ƙarfe, an ce in gari ya yi garau har tafkin Volta ana hangowa amma mu hazo ne ya rufe mu, ina ganin Dogo ina ganin rabinsa.

To sai dare.

Wajen tara muka shige tanti. Agogon Tica mai auna komai ya nuna 19. Na ce madalla, ga lambar buhuna nan kusan daidai, na shige na ja zif ina yi wa Dogo dariya don nasa siriri ne kamar zanin gado, sidi 120 ya saye shi, ko soson shimfiɗa bai riƙo ba wai nauyi. Ba a yi rabin awa ba na fara jin bayana na ɗiga. Na buɗe hula. Na sauke zif zuwa ƙirji. Na cire riga. Kun san yadda ake naɗe dokunu a ganyen masara a jera a tukunya a rufe, to ni ne dokunun. In na fito gaba ɗaya iska mai laima ta bugi jiƙaƙƙen jikina in hau rawar ɗari, in na koma in dahu, ga zif ɗin rabi ne bai kai ƙafa ba balle in buɗe shi in yafa kamar bargo, ƙafafuna na can ƙasa a tsuke suna tafasa. A gefe guda kuma haƙoran Dogo nake ji suna kaf-kaf-kaf, yana ta juyi yana cewa ƙasar nan kamar ƙanƙara. Tica a tsakiyarmu yana minshari abinsa. Wajen ƙarfe biyu Dogo ya ce "Masa kana barci?" na ce ina fa, ya ce mu yi musaya. Muka yi. Shi ya samu barci nan take, ni kuma da siririn nasa a kan sosona na yi barcin da ban yi irinsa ba a wannan shekarar, har asuba ta kusa kuɓuce mana.

Da safe na baza buhun a kan igiyar shanya yana ta warin zufar mutum biyu, sai ga wani dattijo da sanda da hular ulu ya tsaya yana kallo. Ya ji muna magana ya yi mana sallama da Hausa, irin Hausar bariki, ashe tsohon soja ne ɗan garin, ya yi zama a Tamale da Kumasi, ya kuma je aikin kiyaye zaman lafiya a kudancin Lebanon. Muka gaishe shi, Baba ina kwana, ya gajiya. Ya taɓa buhun ya matsa shi ya saki ya ga yadda ya taso, ya ce wa ya kwana a wannan? Na ce ni ne Baba, rabin dare. Ya jawo wuyan kusa da idonsa ya kira ni, "Yarona zo ka gani, wannan mene ne a gaban 20?" Na duba da kyau, wani ɗan harafi ne da wanki ya cinye, F. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ma'aunin Amurka ne, Farenhait, ba irin wanda ake faɗa a rediyonmu ba. Tica da ke shan Milo ya ajiye kofi ya ce ka cire 32 ka raba da 1.8, ya danna a waya ya juyo min da ita, kusan digiri 7 ƙasa da sifili. Wato an ɗinka shi ne don daren da ruwa ke daskarewa a bokiti, ni kuma na shiga cikinsa a daren da ya fi wancan ɗumi da digiri 26. Baba ya ce a Lebanon lokacin sanyi in ka samu irin wannan har addu'a za ka yi wa wanda ya ba ka, amma a nan ko shi da tsufansa bargo ɗaya yake rufa.

Tiri sizin ɗin ma ashe ba namu ba ne. A lissafin Turawa shekara kashi huɗu ce, ukun da ake nufi su ne bayan sanyi lokacin da itatuwa ke toho, da lokacin zafinsu, da lokacin da ganye ke zuba, an cire tsakiyar hunturunsu mai dusar ƙanƙara. Kuma a kan duwatsunsu ko a waɗannan ukun dare na iya sauka zuwa sifili ko ƙasa da haka, shi ya sa buhunan da ke ɗauke da wannan suna yawanci lambarsu tana tsakanin sifili da 7 ƙasa da sifili. Na ce wa Tica kai da ka san duk wannan me ya hana ka faɗa min a Accra? Ya ce ai ban tambaye shi ba, Jamus na tambaya.

Na Dogo kuma da aka duba lambobi uku ne a jere, 20 da 16 da 5, da ma'aunin Selshiyos, shi 5 ɗin ya gani ya ce ya more. Tica ya ce wannan tsarin gwajin Turai ne da aka fara aiki da shi a 2005, EN 13537, daga baya a 2016 ya koma ISO 23537, wani mutum-mutumi mai ɗumi ake sa wa doguwar rigar ciki a kwantar da shi cikin buhun a ɗakin sanyi a auna zafin da ke tsere masa. Lambar farko ita ce inda mace ko mai saurin jin sanyi zai yi barci a sake, ta biyu inda namiji zai iya kai safe amma a ƙudundune, ta ukun kuwa ba ta barci ba ce, ta kar-ka-mutu ce, awa shida kana karkarwa. Ya ce in za ka saya ta farko za ka duba, ta ukun ka ɗauka ba a rubuta ta ba. Sannan mutum-mutumin a kan katifa ake kwantar da shi, kai kuwa Dogo a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ka kwanta da ledar tanti kawai, duk abin da ke ƙarƙashin bayanka ka danne shi ba ya riƙe ɗumi, ƙasa ce ta yi ta zuƙe ka. Baba Soja ya gyaɗa kai ya ce su a daji kwali ma suke nema su shimfiɗa kafin su nemi bargo. Kafin mu bar garin ya aiko jikansa da wata tsohuwar tabarmar roba ya ce a ba dogon nan, muka ce nawa, yaron ya ce Baba ya ce kar mu ɓata masa rai.

Kwana na biyu a nan muka sake yi, ni da Dogo kowa da buhun ɗan'uwansa ya fara, shi ma bayan awa ɗaya ya fito daga shuɗin ya mai da shi matashin kai ya rufa da rigar sanyi, tunda yanzu yana da tabarma.

Litinin muka sauko Fume muka kama mota zuwa Golokwati, daga nan okada zuwa Liati Wote a gindin Afadjato. Aka yi mana rajista aka haɗa mu da ɗan rakiya, yaro ne da silifas yana tafe yana danna waya, mu da takalman hawa muna haki muna kama saiwoyi. Awa ɗaya da 'yan mintuna muka yi. A takardu an ce mita 885 ne kuma shi ake kira mafi tsawo a Ghana, amma agogon Tica ko 600 bai nuna ba, kuma kana tsaye a kai kana ganin wani ƙololuwar a gefe wajen iyakar Togo ya fi shi tsawo ƙiri-ƙiri. Tica ya so ya buɗe muhawara da yaron, muka ja shi muka sauko.

A Wli ne buhun ya nuna min ɗaya halin nasa. Mun isa da yamma muka bi hanyar daji muna ta haye ƙananan gadoji, kamar minti 45, sai ga ruwan yana zubowa daga can sama, jemagu dubbai manne a jikin dutsen, feshin kaɗai ya isa ya jiƙa ka daga nesa. Muna dawowa hadari ya haɗu, kafin mu kai masauki ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ni kuma buhun na ɗaure a wajen jaka ba leda ba komai tunda har yanzu ban iya cusa shi duka ba. Da na kwance shi ban gane shi ba. Abin da ke kumbura kamar fanke ya koma kamar kazar da ta faɗa rijiya, gashin ya dunƙule guri-guri, in ka ɗaga shi a fitila sai ka ga wasu ɗakunan ɗinkin fayau ba komai a ciki, nauyinsa ya ninka, ga ƙarni. Na Dogo mai audugar roba shi ma ya jiƙe amma muka matse shi muka rataya a baranda, kafin mu gama cin gari da shito, soyayyen yajin nan, da sadin ya sha iska ana iya kwana a ciki. Daren nan dai ba a kafa tanti ba, ɗaki muka kama sidi 200 mu uku, na rataya nawa a ƙarƙashin fanka har safe bai ko fara bushewa ba.

A nan ne sai ga saƙon muryar Yaya, bayan kwana goma, minti shida yana bayani. Wai 650 ɗin nan ƙarfin kumburin gashin ne, in lambar ta fi yawa kamar 800 to da gashi kaɗan za a samu ɗumi iri ɗaya, jaka ta yi sauƙi, kuɗi ya yi yawa. Wai gashin agwagwa ya fi daɗewa ya fi matsuwa amma ba ya shiri da ruwa, in wurin da za ka mai laima ne ka ɗauki na roba ko ka sa shi a leda tun daga gida. Wai in na fos ne kar in yarda da lambar jiki ɗari bisa ɗari don tsohon buhu kumburinsa na raguwa, in shimfiɗa shi in ga tsayin tashinsa, in ɗaga shi a rana, in shiga ciki in ga ko ƙafata na tokare ƙarshe, in ja zif sama da ƙasa sau da yawa. Wai kuma in na dawo gida kar in bar shi a matse, in rataye shi ko in sa a babban buhun atamfa. A ƙarshe ya ce af, ka lura fa da na Amurka, lambarsu Farenhait ce. Dogo ya kwanta a ƙasa don dariya.

Talata muka fito Hohoe, muka nemi zango muka yi sallah muka ci waakye, shinkafa da wake, mai zafi wajen wata Hajiya da ta ce iyayenta daga Salaga suka zo, ta ƙara mana wele, ganda kenan, kyauta da ta ji daga Nima muke. Motar dawowa ba labari, barci ne har Adenta.

A motar ne dai Tica ya yi ta lissafinsa, ya ce dutsen Kamaru in ka kwana a bukkokin sama dare na iya kusantar sifili, wato buhun nan nawa can ne gidansa, in dai ya bushe ya dawo yadda yake. Ya ce in sayar masa. Na ce 380 na saya, ya ce ai yanzu ya zama fos sau biyu kuma ya sha ruwan Wli, 300. Ya ba ni 150 a hannu, saura wai ƙarshen wata. Ni kuma na ce Dogo ya raka ni Kantamanto in nemi siriri mai zif har ƙasa irin nasa da soso mai kauri, na Kamaru in lokacin ya zo a sake zama.

Yau kwana uku buhun na kan igiya a saman bene, duk la'asar sai na hau na bubbuga shi ina warware dunƙulen gashin da yatsa, ya fara tasowa kaɗan-kaɗan. Hajiya ta ce in Tica bai zo ya ɗauke likkafaninsa kafin Juma'a ba za ta ba almajirai.